Wa Ya Taɓa Kibod Ɗin Goggo Tursunoy?

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyarmu Goggo Tursunoy a gidanta da ke garinmu Margilan. Goggo, har yanzu in na ji ƙamshin tanderu sai in leƙa ta katanga, ina jiran ki miƙo min gurasa mai zafi ki ce, "Zebo, ajiye wayar nan ki ci, kin rame kamar tsinke."

Ke ba kya yarda da abu da wuri. Ranar da ɗanki Yaya Ulugbek ya aiko miki da tablet daga Rasha inda yake aikin gini, da tawul kika lulluɓe shi, wai yana jin hirar mutane. Da harshen Rasha ya zo, ni na shiga saiti na mayar miki da shi harshenmu na Uzbek. Kibod ɗin kuma kika ce sam, sai tsofaffin haruffan da aka koya muku a makaranta, irin na Rasha. Na Latin da mu yara muke rubutu da su, kika ce ba kya gane su, kamar tururuwa a takarda.

Shi ya sa abin da ya faru ranar sadakar uku ya ɗaga min hankali. Yaya Ulugbek bai samu jana'izarki ba. Ya iso ido jajur, ya tare matarsa Nigina, wadda ke zaune da ke, a tsakar gida, ana tsaka da rabon shinkafa, ya nuna mata wayarsa.

"Wa ya rubuto min wannan? 'Lafiyata ƙalau, kada ka zo.' Da Latin! Yaushe Inna ta iya Latin?"

Ya ce in har ita ta ɓoye masa ciwon uwarsa, ta tattara ta koma gidansu yau. Nigina sai kuka take, tana cewa ita dai kibod kawai ta canja, ke kika sa ta. Gaskiya ni ma ban yarda ba. Ke da ba kya bari ko a goge miki gilashin abin? Kuma me zai sa ki nemi haruffan da ba kya iya karantawa? Wata tsohuwa a gefena ta ce, "Hmm, surukan zamani."

Na ce a ba ni tablet ɗin. Na shiga saiti, lallai an ƙara kibod na Latin. Sai na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Babu aya, babu waƙafi, zance a zube. A tsakiyar wani na ga: "aikinka ya fi kada ka bar takardar izinin aikinka ta mutu kai fita min daga ɗaki shegiyar kaza ina cin abinci sosai."

Na karanta da ƙarfi. Na ce, "Yaya, wa zai zauna ya rubuta wa kaza saƙo?"

Na danna ɗan makirfon da ke kibod ɗin na yi magana, rubutu ya fito da Latin. Sai a lokacin Nigina ta iya haɗa zance: hannunki ya daina riƙe komai, kin ƙi kiran bidiyo don kada ya ga fuskarki, kin ƙi saƙon murya don kada ya ji tarinki. Ita ta saita miki kibod ɗin da za ki yi magana ya rubuta, shi kuwa da Latin yake fitarwa, ke kuma kika riƙa korar ta daga ɗakin in za ki aika. Ita duk a zatonta ciwon kike gaya masa.

Yaya ya karɓi tablet ɗin ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Haka Inna take zagin kazar nan." Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Nigina ta kawo masa shayi, ya karɓa da hannu biyu.

Goggo, kin yi mana wayo, kuma saura ƙiris wayon ya ci auren yarinyar da ta yi jinyarki. Na san don ɗanki kika yi. Allah Ya yafe miki, Ya yafe mana zargin da muka yi wa Nigina, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Yaya Ulugbek, Nigina, da jikoki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Amin.