Sunan Gaji na Yanka

Duk wanda ya zauna a garin Gaya ya san Malam Barau, wanda ya yi aiki a sashen noma na ƙaramar hukuma har ya yi ritaya ya koma gonarsa. Amma ba da noma aka fi saninsa ba, da tone-tonen asali ne. In ka hau Keke Napep ɗaya da shi ka shiga uku, kafin a kai kasuwa sai ya tambaye ka, "Kai ɗan gidan wa ne?" Kana ba shi amsa zai zayyano maka kakanninka, har da wanda ya gudu Kademi saboda haraji. Matarsa Larai, wadda 'yar ƙanin babansa ce, takan ce da asali abin ci ne, da gidansu ba a sayen hatsi.

To, ana nan sai matar ɗansa Suhaib ta haifi 'ya mace. Suhaib ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, kai za ka zaɓa mata suna."

Barau bai ko yi tunani ba. "Sunan kakata Gaji za a sa."

Gaji ita ce mahaifiyar babansa. Wurinta aka kai shi yaye, a wani ƙauye ta wajen Ajingi, ya kuma zauna har ya isa shiga makaranta. Ita ke jiƙa masa ƙanzo da kuli-kuli, tana tsokanarsa da "mijina mai rowa, ko cefane ba ka bayarwa". Har ya yi furfura, in ya ji ƙamshin ƙanzo sai ya tuna ta.

"To, Baba," in ji Suhaib, "mene ne sunanta na yanka? Ai Liman ba zai raɗa Gaji ba."

Tirƙashi! Mutumin da ya san kakan kowa, ga shi bai san sunan tasa ba. Ba kuma abin mamaki ba ne: babansa bai taɓa kama sunan uwarsa ba, innarsa kuwa ina ita ina faɗin sunan suruka? Duk gari Gaji, Gaji, har ta koma ga Allah. Kunya ta kama shi, sannan tsoro ya biyo baya, domin in ranar suna ta zo bai samo ba, sunan ya tafi ke nan.

Washegari da sassafe ya turo babur. Larai ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Malam, tsaya mana, wai ina za ka?"

"Bincike! Ki bari sai na dawo."

"To ai da ka saurare ni…"

"Sha'anin tarihi ne, ba naki ba ne," ya ce, ya ba babur wuta.

Ya je Kademi wurin wani tsoho ɗan uwansu, tsohon ya ce shi dai Gaji ya sani. Ya je Balan, wata gwaggo ta rantse Kadijatu ce, maƙwabciyarta ta rantse Zaituna ce, suka kaure da musu har suka manta da shi a tsugune. Kwanaki suka yi ta tafiya, an riga an ɗaure ragon suna a tsakar gida, shi kuwa sai ƙona mai yake yi.

Ana gobe suna ya nufi ƙauyen da aka binne ta. Ya san kaburburan da ba a rubuta musu suna, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ya shiga maƙabarta ya yi sallama. Ta bakin ƙofa sababbi ne, wasu da ɗan allon ƙarfe mai suna. Can ciki kuwa, gindin tsamiyar da ya tuna an sa Gaji, babu komai sai tudun ƙasa da ya kwanta, da fasassun tukwane da ciyawa ta rufe. Bai ma iya gane wanne ne nata ba. Ya tsuguna ya yi musu addu'a gaba ɗaya, hawaye ya zubo masa, don ya ji ya yi wa tsohuwar nan butulci: ta san duk abin da yake so, shi ko sunanta bai taɓa tambaya ba.

Saura mutum ɗaya, wadda ya yi ta kewaye wa don nauyi: Inna Sabuwa, matar ƙanin babansa, uwar Larai, wato surukarsa. Ta tsufa tukuf, amma bakinta na nan daram. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da tabarmarta, aka gaisa, aka yi barka. Sannan ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Na san shi mana," in ji Inna Sabuwa.

Barau ya ji kamar ya tashi ya taka rawa. "Alhamdu lillahi! Inna, mene ne?"

Ta riƙe haɓa. "La ilaha! Sunan uwar mijin nawa? A bakina? Ɗan nan, ashe tsufa bai sa maka hankali ba."

"Inna, ai ta daɗe da rasuwa."

"Kunyar ma ta rasu ne?"

Ya roƙe ta ko da raɗa. Ta ƙi. Ya ce to bari ya riƙa jero sunaye, in ya zo kansa ta gyaɗa kai. Ta ce kan ma nata ne, ba na aro ba, kuma shi ma yana jin kunya. Sai da ta ga da gaske idonsa ya yi ja, sannan ta yi dariya har tana tari.

"Ni dai na fita haƙƙinka. Sunan nan tun kana da baƙin gashi na wanke shi, na sa masa lalle, aka kai maka har gida. Yana can yana tuƙa maka tuwo, kai kana nan kana damun matattu."

Nan take Barau ya gane. Larai! Ita ce 'yar farin Inna Sabuwa, ran Laraba aka haife ta, don haka bai taɓa tunanin akwai wani dalilin ɓoye sunanta ba. Ashe sunan uwarsa Gaji babanta ya mayar mata. Sunan kuwa Barau ya ji shi a bakin liman ranar ɗaurin aurensu, amma bai taɓa kiran ta da shi ba, sai "ke" da "maman Suhaib".

Da ya dawo gida ya tarar da ita tana tsince shinkafar suna.

"Dama kin sani?"

"Sha'anin tarihi ne," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba, "ba nawa ba ne."

Da safe bayan an idar da salla Liman ya raɗa: Ummukulsum. Kafin a gama rabon goro har matan gida sun fara shawarar laƙabi, don Suhaib ba zai iya kama sunan mahaifiyarsa ba. Wannan ta ce Ummi, waccan ta ce Khairiyya. Barau ya ji su daga zaure, ya shigo da sauri.

"Ku ɓoye in za ku ɓoye, amma ban da ni. Haka aka yi wa Gaji har ta kusa ɓace mini. Miƙo min amaryata."

Aka sa masa jaririyar a hannu. Ya dube ta, ya ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Ummukulsum!"

Daga bakin murhu, cikin hayaƙi da ƙarar tukwane, Larai ta amsa tun kafin ta ankara.

"Na'am, Malam."