Isma'ila, Direban Kawo da Ya Raba Ƙafarsa da Birki

Duk wanda ya saba hawa mota daga tashar Kawo da ke nan garin zuwa Kano a shekarun baya, da wuya a ce bai san Isma'ila ba. Shi ne siririn direban nan mai ɗan gemu, wanda tsofaffi ke shiga motarsa da carbi a aljihu, kafin a kai Jaji sun zaro shi. Ba wai ganganci gare shi ba, a'a, hannu ne Allah ya ba shi. Ramin da wani direba zai afka ya fito yana sababi, Isma'ila gefensa zai goga ya wuce, mai gyangyaɗi a baya ko motsi bai yi ba. A Kawo aka haife shi, a tashar ya yi wayo, kuma tun yana saurayi ba shi da hira sai ta tseren motocin daji da yake kallo a waya, inda mota ke keta burji da taɓo kamar an koro ta.

Wata rana wani mai sayar da kayan gyaran mota a Abakpa, Alhaji Abdulmalik, motarsa ta lalace a Kano, dole ta sa ya shigo motar hayar da Isma'ila ke tuƙawa. Gidan gaba ya zauna. Tun daga Kwanar Ɗangora idonsa na kan hannun direba da ƙafarsa. Da aka iso Kawo kowa ya sauka, shi ya ƙi sauka.

"Malam direba, ina da motar tsere a gareji, ba ni da mai tuƙa ta. Za ka iya?"

"Ranka ya daɗe, ai ko yanzu ka ce mu tafi," in ji Isma'ila.

Abin nema ya samu. Ya mayar wa mai motar haya makullinsa, ya yi sallama da layin Kano, abokan aiki suna ce masa ya yi a hankali, shi kuwa ko a jikinsa. Alhaji ya haɗa shi da Iliya, wani bakanike mutumin Zonkwa da ke zaune a Kurmin Mashi, gajere mai murya kamar lasifika. A irin wannan tsere mutum biyu ne a mota: direba, da mai karanta masa hanya, wanda zai riƙa faɗa masa kwana na zuwa, ta dama ce ko ta hagu, mai tsanani ce ko mai sauƙi. Ba a sakin motoci tare, ɗaya bayan ɗaya ake sallamarsu, agogo ne alƙali. Suka yi ta gwaji a hanyoyin gonaki da ke bayan Rigachikun, inda ba kowa sai shanu, har Iliya ya ce wa Alhaji, "Wannan mutumin, ko Legas ka kai shi ba mai kamo shi."

To, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ranar gasar farko aka saki Isma'ila, ya fita kamar kibiya. Yana shan kwanar wani ƙauye sai ga jama'a maƙil a bakin hanya, maza da mata, kowa ya ɗaga hannu yana kaɗawa don murna. Kafin Isma'ila ya ankara, ƙafarsa ta bar totur ta hau birki, motar ta fara raɓawa gefe.

"Oga, me kake yi? Taka mana!" Iliya ya daka masa tsawa.

Ya taka. Ƙauye na gaba, hannuwa suka sake tashi, ƙafa ta sake komawa birki. Kai, abin kunya ba ya ƙarewa! Mutumin da ya shafe rabin rayuwarsa yana farautar hannun fasinja a bakin titi, ina zai ga hannu a sama ya wuce? Zuciyarsa ta san 'yan kallo ne, amma ƙafar ba ta sani ba. Sabo turken wawa. Mota ɗaya kawai ya fi a ranar, ita ma tayarta ce ta fashe.

Gasa ta biyu ma ba ta canza zani ba. Labari ya riga shi isa Kawo. In ya zo wucewa ta bakin tasha sai ka ji an ƙwala, "Isma'ila, mutum nawa ka ɗauko a dajin? Akwai sauran wuri?" A fashe da dariya har da masu shayi. Yana yaƙe, amma wallahi abin yana cin ransa, don ya san da gaskiyarsu.

Alhaji Abdulmalik mutum ne mai kawaici, amma kawaici ma yana da iyaka. Ya kira shi shago, ya ce, "Isma'ila, ina son ka, Allah ya sani. Amma motar tsere ba ta tsayawa gaisuwa. Akwai gasa ƙarshen damina. In ƙafar nan ta sake yi mana haka, akwai wani direba a Jos da ke roƙona kujerar, zan ba shi."

Isma'ila ya koma gida yana juya maganar a ransa. Kujerar nan ita ce abin da ya yi mafarki tun yana saurayi, ga shi ya bar tasha dominta, wani ma ya riga ya karɓi motar hayar. Babu dabarar da ba su gwada ba shi da Iliya. Aka ce ya kafa ido a tsakiyar hanya, idon ya ƙi. Iliya ya riƙa yi masa ihu a kunne har muryarsa ta dushe. A banza, wai an tsikari kakkausa.

Matarsa Harira ce ta warware ƙullin, tana zaune a tsakar gida da hantsi tana tsinke zogale, shi kuma ya zabga tagumi a kan tabarma.

"Baban Fadila, in tambaye ka mana. Da kana zuwa Kano, duk wanda ya ɗaga hannu tsayawa kake yi?"

"Haba, in mota ta cika ina zan sa shi? Ko kallonsa ba na yi."

"To wa ke gaya maka ta cika?"

"Ɗan kamasho mana. In ya gama lodi ya rufe ƙofa, sai ya bubbuga saman mota, shi ke nan sai Kano."

Ta watsa ganyen a kwano, ta ce, "Ita wannan ta Alhajin, da ba ta da ko kujerar baya, wa ya taɓa buga maka samanta? Kullum da mota wayam kake fita, dole ƙafarka ta nemi fasinja."

Isma'ila ya tashi zaune, ya dube ta kamar yau ya fara ganinta, sannan ya zari takalmi ya nufi tasha. Can ya sami Shamsuddeen, tsohon ɗan kamashon layin Kano, wanda ya yi masa lodi shekara da shekaru, tafin hannunsa kamar faranti. Da ya ji buƙatar, ya yi dariya har hularsa ta faɗi, sannan ya ce, "In dai bugu ne, ai ka zo gidansa."

Ranar gasa an kwana ana ruwa, hanya ta yi caɓa-caɓa. Direban Jos ma ya zo, yana tsaye kusa da Alhaji da hular kwanonsa a hannu, wai kallo ya zo yi. Isma'ila ya gan shi, ya kau da kai. Kafin motar ta shiga layin tashi, sai ga Shamsuddeen da tsohuwar rigarsa ta tasha. Ya zagaya motar yana leƙa tagogi kamar mai ƙirga kawuna, ya ja ƙofar Iliya ya tabbatar ta rufu, sannan ya ɗaga hannun nan ya sauke a saman mota, bam, bam!

"Ta cika, direba! Allah ya kiyaye hanya!"

Masu shirya gasa suka waiwayo suna tambayar ko lafiya. Isma'ila kuwa wani sanyi ya ji ya sauka a kafaɗunsa, irin wanda ya saba ji in ya fito daga ƙofar tasha da cikakken lodi. Aka ɗaga tuta, ya saki kuloci.

Ƙauyen farko jama'a sun fi na kullum yawa, hannuwa ko'ina, har da masu kaɗa ɗankwali. Iliya ya saci kallon ƙafar direbansa, ya ga tana nan daram a kan totur. "Dama mai sauƙi, taka!" Suka wuce, taɓo na tashi a bayansu. Ƙauye na biyu, na uku, ko gezau. Daga nan fa hannun da Allah ya ba shi ya samu fili. Kwanar da wasu suka shiga da tsoro, shi a karkace ya shige ta ya fito a miƙe. Wani rafi da ya cinye motoci biyu, ya duba inda shanu ke bi ya tsallake. Iliya yana karanta hanya yana dariya, har yana haɗawa da "Yesu na gode!" Isma'ila na amsa masa da "Alhamdu lillahi!"

Da suka kai ƙarshe ba su san matsayinsu ba, sai da motar ƙarshe ta shigo aka haɗa lokuta. Mai sanarwa ya kira sunan Isma'ila na Kawo, na ɗaya. Iliya ya ɗaga shi sama duk da gajartarsa. Alhaji Abdulmalik ya ratso jama'a, babbar rigarsa duk taɓo, ya kama hannunsa ya riƙe gam.

"Kujerar taka ce, Isma'ila. Gobe a kai motar wurin mai fenti ya rubuta sunanka a jiki."

Daga wannan rana ya zama direban tsere sosai, wanda ba shi da wata sana'a sai ita. Ya yi gasa a jihohi da dama, ya ƙetara har maƙwabta, ya ci wasu, wasu sun ci shi, kofuna dai sun cika saman kabad ɗin Harira har tana ƙorafin goge su. Amma in ka tambaye shi ranar da ta fi masa daɗi, wannan ta ƙarshen damina zai ce maka. Yana karɓar kofi ya zame daga cikin hayaniya, ya laɓe bayan wata bishiyar ɗorawa, ya kira gida. Harira ta ɗauka tun kafin wayar ta gama ƙara.

"Baban Fadila, yaya? Yi magana mana, ka sa gabana faɗuwa!"

Ga namiji har namiji, da gemunsa, hawaye na bin taɓon da ke fuskarsa. Ya share su da bayan hannu, ya ce:

"Harira, ban tsaya ba. Wallahi ko sau ɗaya ban tsaya ba."