Malam Shitu, Mai Tuɓe wa Manya Hula

Duk ranar da jirgi mai saukar ungulu zai sauka a yankin Funtua, Malam Shitu Mahuta yakan riga kowa isa filin. Da buhu a kafaɗa yake bin wurin yana tsince leda da tsumma. In ya tarar da shanyar masara ko barkono, sai ya bi gida-gida yana roƙon mata su kwashe, sannan ya zagaye filin da layin toka. Shekara ashirin da biyu yana yi wa wani kamfanin hayar jirage wannan aiki, shi ke yi wa matuƙi alama da hannu ya sauka, shi ke raka fasinja. Ƙarshen watan nan ya ajiye aiki.

Doka ɗaya ce ta jawo masa baƙin jini: ba a tsallake tokar nan da hula a ka. Ko wane ne kai, sai ka tuɓe ta ka cusa a aljihu, ka tattare babbar riga a hammata, ka sunkuya ka bi ta gaba inda matuƙi ke ganinka. To, kun dai san manyanmu da hula.

Kulu mai fura tana wurin ranar da jirgin ya sauke Alhaji Bature, babban dillalin auduga, a filin ƙwallon Dayi.

"Malam Shitu, ni da girmana in fita gaban jama'a kai ba hula?"

"Alhaji, ka yi haƙuri, taku ashirin ne kawai. Kana tsallake toka, ko biyu ka ɗora."

Alhaji ya yarda. Amma da ya hango taron masu tarba, sai ya mayar da hularsa ka tun bai tsallake toka ba. Iskar jirgi ta fizge ta, ta yi wajen jela, inda ƙaramar farfela ke juyawa har ido ba ya ganinta. Alhaji ya bi hularsa, hannu a miƙe. Kulu ta ce Malam Shitu kukan kura ya yi ya rungume shi, suka zube a ƙasa, riga mai tsada ta sha ƙura.

Aka ce ya ci mutuncin babban mutum, kamfani ya dakatar da shi wata uku. Abin ya ƙona masa rai ƙwarai. Aka ce in yana son aikinsa ya ba da haƙuri, ya kuma sassauta wa manya.

"Haƙurin riga zan bayar," in ji shi. "Maganar hula kuwa, ko yau aka mayar da ni sai an tuɓe."

Matuƙin jirgin, Kyaftin Murtala, ya ba da shaida cewa ran Alhaji ya ceta, aka mayar da shi da dokarsa.

Malam Shitu, kai ne ka gwammace mutum ya tsane ka yana raye da a yabe ka a wurin jana'izarsa. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma masu lodin fasinja a tasha da bakin ruwa, in kun san abin da zai kashe mutum, ku faɗa masa, komai girman rigarsa.

Ranar walimar sallama a Mahuta, Alhaji Bature ya zo ba a gayyace shi ba. Tun daga bakin rumfa ya tuɓe hularsa, ya tako kai ba hula a gaban kowa, ya miƙa wa Malam Shitu hannu biyu.