Alƙalamin Kara a Bakin Get

Jiya da la'asar ina gadi a bakin get ɗinmu na unguwar Al Thumama, nan ƙasar waje inda nake aiki, sai na hango wani tsoho ɗan Indiya mai rawani yana ta fama da wuƙa da guntun kara. Jikarsa 'yar shekara biyar tana tsaye rungume da allon katako, saura kaɗan ta fashe da kuka.

Ashe baƙaƙen yarensu na Punjabi yake koya mata. Burinsa ta iya karanta su kafin bizarsa ta ƙare, amma alƙalamin ya ƙi fiƙuwa.

Na ce, "Baba, kawo nan."

Na fiƙe bakin, na tsaga shi daidai. Ya bi ni da kallo.

"A ina ka koya?"

"A zauren malaminmu a Zariya. Mu ma da allo da tawada muka fara."

Yarinyar ta tsoma alƙalami, ta rubuta harafin farko, ta karanta da ƙarfi. Tsohon ya juya baya yana goge ido.

Shekara ashirin rabona da fiƙe alƙalami, ashe hannuna yana jiran wannan yarinyar ne. Ku fa, wa ya fiƙe muku na farko?