Gungumen Turmi a Ainu Shams

Shekarar da aka riƙa ɗauke wuta da tsakar rana a Alƙahira, ita ce shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma a cikinta matata ta iso daga garinmu Omdurman da yara, gudun yaƙi. Ta taho da tukwane da rariya, amma mai mota ya ƙi ɗaukar turmi, sai ta bar shi a tsakar gida.

Sana'arta dakan yaji, ɗaliban Najeriya da ke unguwar Abbasiya su ne masu saye. Mun gwada injin markaɗe, in an kawo wuta, sai ɗaliban suka ce yajin ba ƙamshi. Ta gwada ɗan turmin tagulla na Misirawa, maƙwabcinmu na ƙasa ya hau ya tambaya ko makaranta muka buɗe da ake ta kaɗa ƙararrawa. Ana haka masu saye suka fara komawa wajen wata mata a Giza, wadda ta zo da turminta tun kafin yaƙi.

Mahaifina masassaƙi ne, ni ma na iya. Na sa wani maƙeri ya ƙera mini gizago. Itace kawai ya rage.

Wata safiya na tarar ana sare itatuwa a wani titi na unguwar Ainu Shams, kusa da layin jirgin metro. Cikinsu akwai tsohuwar bagaruwa, an yanka ta gunduwa-gunduwa. Gungume ɗaya ya kai mini ƙugu, ba tsaga, ba rami. Na yi wa mai zarto sallama na roƙe shi, ya ce in ɗauka, ko ɗagowa bai yi ba.

Ba abin da mutum ɗaya zai ɗauka ba ne, don haka na yi abin da muke yi a gida. In ka ga itace a daji ba ka shirya ɗauka ba, ka ɗaura masa tsumma, kowa ya san yana da mai shi. Na yage gefen tsohon zanen da matata ta ƙunshe mini abinci a ciki, na ɗaura, na tafi aro babur mai ƙafa uku wajen wani ɗan garinmu.

Mun ɗora shi kenan sai ga mai duba aikin, wani dogo mai ladabi. Ya tambayi takardar izinina. Na ce mai zarto ne ya ba ni. Ya ce mai zarto aikinsa yanka, ba kyauta ba. Ya yi mini bayani a tsanake: in wannan shara ce, ba mai kwashe ta sai mai lasisin kwasar shara, in kuma katako ne, to kayan hukuma ne.

Na ce, "To, ranka ya daɗe, wanne ne daga ciki?"

Ya ce, "A ƙasa shara ne, ya hajji. A kan babur ɗinka katako ne."

Muka sauke shi ya koma shara. Na ƙara ƙulle tsumman.

Na je ofishin hukuma neman izini, aka karɓe ni da kyau. Magatakarda ya tambayi yawan motocin kwasar shara da nake da su, da filin da nake zubarwa. Na ce turmi ɗaya nake so in sassaƙa. Ya duba takardunsa, ya ce babu gurbin turmi, amma in rubuto buƙatata a duba. A aji na rubuta ta, malamarmu tana gyara mini. Ita ce wasiƙar farko da na rubuta da hannuna. Na kai, aka ce in dawo, na dawo, aka ce mai hatimi ya tafi gaisuwar mutuwa. Ofis da aji duk da safe ake yinsu, sai ajin ya haƙura.

Kullum nakan bi ta wajen gungumen. Tsumman yana nan. Sai dai mutanen unguwar sun fahimce shi ta wata hanya. Da suka ga itace da tsumma, sai wani ya ajiye ledar shara a kai, wani ya kawo karyayyar kujera. Ina kwashewa, suna ƙarawa. Mai gadin gidan da ke wajen ya ɗauka ni ne sabon mai shara, har ya riƙa aje mini nasa.

Ranar da takarda ta fito, da hatimi, an rubuta "gungume ɗaya", na sake aro babur. Na tarar da wata babbar na'ura tana ruri, da tarin ɓarɓashin itace a bayan mota. Wani ma'aikaci ya ce manyan gumagumai masu tsabta sun ware su jiya an kai wa kafintoci. Mai tsumma da shara a kai shi suka jefa a na'ura.

Mai duba aikin ya karanta takardata har ƙarshe, ya ce tamam, ba ta da matsala. Na tambaya ko zan ɗebi ɓarɓashin, ko don gasa nama. Ya ce takardar ta gungume ce, ɓarɓashi izininsa daban. Ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, na ce ma'alish.

A gida matata ta saurara har na gama, tana tsince barkono.

Ta ce, "Malam, zanen ma ka bar musu?"

Na ce ya shiga na'ura tare da shi. Ta miƙe ta duba ko an kawo wuta. Gizagon yana ƙarƙashin gado, wani lokaci yara na fasa ƙanƙara da shi.

Abin da aka rasa: gungumen bagaruwa ɗaya, gefen zane ɗaya, darasi biyar, da masu sayen yaji bakwai.