Walat a Aljihun Baya

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙi a Riyadh kafin bayana ya ce ya gaji, kuma bai yi shawara da ni ba. Wata safiya na sunkuya zan ɗauko galan ɗin ruwa daga but, na ji kamar an soka mini mashi daga ƙugu har diddigen dama. Na tsaya a duƙe, kamar mai ruku'un da ya manta ɗagowa.

Direban gida nake. Kafil ɗina, wato mutumin da takardun zamana ke hannunsa, ba mugu ba ne, ba kuma na kirki ba. Da ya ga ina dafa ƙofa in zan fito daga mota, sai ya ce iƙamata, katin izinin zama, saura wata uku ta ƙare. In na warke a sabunta, in ban warke ba, khuruj, a kai ni filin jirgi. Yana duba wayarsa ya faɗa. A gida ina da mata da 'ya'ya biyar da ginin da ya tsaya a linta. In koma in yi musu me da wannan bayan?

Na je wani ƙaramin asibiti, aka ba ni ƙwayoyi, aka ce in huta. Ni ma na san hutun magani ne. Ba a dai sayar da shi a inda nake.

A layinmu a unguwar Suwaidi akwai shagon wanki da guga inda nake kai rigunan kafil. Mai gugar wani Ba'indiye ne, siriri, ya girme ni, amma tsaye yake kyam kamar taɓarya. Da Larabcin titi muke magana, nasa a karye, nawa a karye. Ran nan na ajiye kaya zan fita ya kira ni da sadiƙ, wato aboki.

"Sadiƙ, dawo. Sake tafiya in gani."

"Ni kaza ce da za ka saya?"

"Tafi dai."

Na taka zuwa ƙofa na dawo. Ya kai ni bangon bayan shago, ya ce diddige da mazaunai da kafaɗu da ƙeya duk su taɓa bango. Ban iya ba. Ya ɗauko tef ɗin awo ya gwada, ya nuna mini kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Sai ya ce in fito da abin da ke aljihuna na baya.

Na fito da walat. Kaurinsa ya kai sabulun wanki. Iƙama na ciki, da lasin, da takardar mota, da takardar izinin tuƙa motar, da kwafin kowacce ninki huɗu. Duk baƙon da aka taɓa tsayarwa a taftish, shingen binciken 'yan sanda, babu takarda a jikinsa ya san dalili. A aljihun dama na baya nake sa shi, don in na zauna a kansa ina jin yana nan.

"Shekara nawa kana zaune a kan wannan?"

Na faɗa masa. Bai yi dariya ba. Da ya yi, da na zage shi na tafi.

Ya ce a garinsu ya koyi yoga wajen wani malami mai tsanani, wanda ba ya barin ɗalibi ya wuce tsayuwa sai ya iya tsayuwa. Na ce ni Musulmi ne, in da sujada ga wani abu a ciki, ya riƙe abinsa.

"Bango ne da ƙafarka," in ji shi. "Wanne za ka bauta wa?"

Haka muka fara, kullum da hantsi in na sauke matar kafil a wurin aiki. Na zaci lanƙwashe-lanƙwashe ne irin na talabijin. Ashe tsayuwa ce. Sati guda cur ina koyon ajiye tafin ƙafa a ƙasa, ni da furfura a gemu. Yatsu a baje, nauyi daidai a ƙafa biyu, gwiwa ta kalli inda yatsa ya kalla. In hannuna bai kai ƙasa ba, ya sa mini guntun katako in dafa. In kwanta in ɗaga ƙafa, ya rataya mini bel a tafin ƙafa in ja. Bargo a ƙarƙashin mazaunai, kujera a gaba. Ya ce ba a tilasta wa jiki ya kai, ƙasar ake ɗago masa. Abin da ake nema kowane ƙashi ya zauna inda aka halicce shi. Wannan na gane shi, don na ga yadda bulo ɗaya ke karkatar da katanga.

Sai ya riƙe ni a tsayuwa ɗaya har cinyata ta kama rawa.

"Ina hankalinka?"

"Yana filin jirgi."

"Dawo da shi babban yatsanka na hagu. Ya ɗaga."

Na duba, ya ɗaga kuwa. Abin haushi, muddin ina lura da yatsan, khuruj ba ya zuwa mini a rai. Minti biyu, uku. A shekarun nan ban samu hutun da ya kai wannan ba.

Ranar Juma'a mukan ci abinci tare da 'yan uwa direbobi. Labari ya riga ni zuwa. Wani ɗan garinmu ya tare ni tun daga ƙofa.

"Alhaji, an ce ka shiga addinin Indiya, kana tsayawa da ƙafa ɗaya kamar balbela."

"Malam, kai da ke salla a kujera tun bara, bar balbela ta huta."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Da za mu watse ya ja ni gefe ya tambayi inda shagon yake.

Ban warke duka ba, kada in yi ƙarya. Amma a wata na uku ina fitowa daga mota ba dafa ƙofa, ina ruku'u bayana a shimfiɗe. Kafil ya dube ni sama da ƙasa, irin duban da ake yi wa tayar da aka yi wa faci, ya sabunta iƙama.

Walat ɗin na rage masa kaya. Kati biyu a aljihun ƙirji, sauran a akwatin mota. Amma har yau in na hango taftish, hannuna aljihun baya yake zuwa, ya ji wayam, sannan in tuna.

Bayan shekara na kai wanki na tarar da wani a bakin dutsen guga. Ya ce kafil ɗin mai gugar bai sabunta masa ba, ya tafi gida. Shi da bayansa ke miƙe kyam. Ya bar mini katako biyu da bel a leda.

Ina tsayawa a bangon ɗakina kowace safiya, diddige, kafaɗa, ƙeya. Sannan in ɗauki makulli in je in zauna a motar.