Yadda na mayar da Hajiya Rabi namiji

"Sakatare, zo ka sa min hular da hannunka."

Haka Hajiya Rabi mai shinkafa da wake ta tare ni jiya a ƙofar Islamiyyarmu, tana juya hula a yatsa, mata a bayanta suna danne dariya.

Ni na jawo wa kaina. Walimar sauka ta matso, za a raba wa iyaye maza hula, mata mayafi. Don gudun wahala sai na haɗa rajistarmu ta intanet da wata manhaja mai duba suna ta ce namiji ne ko mace. Na manta a Togo sunan uba ake fara rubutawa. Manhajar ta ga "Issaka Rabi", ta tsaya a kan Issaka. Iyaye kaf suka fito maza, ban duba ba na sayo huluna a kasuwar Assiyéyé.

Na ce, "Pardon Hajiya, manhajar ce ta ce..."

Ta ce, "Ɗan nan, shekara goma kana cin shinkafata, sai na'ura ce za ta gaya maka ni mace ce?"

Jama'ar Zongo, mai amsar da zan ba ta ya ara min a ƙasan wannan rubutu. Mai son hula kuma ya biyo gida, suna nan buhu guda.